Famfon Sola a Lambun Haɗin Gwiwa: Yadda Ya Yi Mana Daga Bazara Zuwa Farkon Damina

Duk wanda yake so ya san ingancin famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda kowa ke kira famfon sola, bai kamata ya yanke masa hukunci a watan Disamba ko Janairu ba, lokacin da rijiya take cike da ragowar ruwan damina, gari yake da sanyi, shuka kuma ba ta shan ruwa da yawa. Gwajinsa na gaskiya yana tsakanin tsakiyar Afrilu da ƙarshen Yuni. A wannan tsakanin ne zafi ke kaiwa digiri 40 ko fiye a ƙasar Kano, ruwan rijiya ke ja da baya zuwa ƙarshen zurfinsa, sannan hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, a samu ruwa yau a yi kwanaki ba a sake gani ba. Famfon da nake magana a kansa ya ratsa wannan lokaci a lambun da muka haɗa gwiwa muke nomawa, kuma hukuncina a kansa shi ne: na'ura ce mai kyau wadda ta cancanci kuɗinta, amma ba ta dace da lambun mutane da yawa ba sai an haɗa ta da wurin tara ruwa da kuma yarjejeniyar rabo, abubuwa biyun da mai shago ba ya sa su a cikin farashi.

Lambun namu yana gefen wata fadama a yankin Wudil, girman abin da ake nomawa a cikinsa kuwa ya kai kusan rubu'in hekta. Gidaje da dama ne suka raba shi, kowane gida da fangalinsa, wasu na maza ne, wasu na mata, musamman zawarawa da tsofaffin da ke sayar da ganye a kasuwar gari. Shinge ɗaya ne, rijiya ɗaya, ƙofa ɗaya. Iyayenmu da jigo suka yi ban-ruwa a irin wannan fadama, har zuwa lokacin da shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, ya yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan fetur a arewacin Nijeriya. Mu ma injin fetur mai bakin inci biyu muka gada, kuma ba mu da ƙorafi a kansa sai da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mai fangali ɗaya na alayyafo ba zai iya mayar da wannan kuɗi daga cinikin ganye ba, saboda haka wasu daga cikinmu suka fara tsallake ban-ruwa, wasu suka bar wurinsu ya bushe. Daga nan ne aka yi karo-karo, aka haɗa da ɗan abin da ke asusun ƙungiya, aka sayo sola.

Abin da muka karɓo daga shagon, wanda yake cikin birnin Kano, ya ƙunshi famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda masu sana'ar ke kira sumo, da farantan sola, da akwatin sarrafawa, da waya mai jure ruwa, da igiyar rataye famfon, da wata 'yar na'ura da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa. Babu baturi a cikin tsarin, kuma a ganina hakan alheri ne, domin baturi shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a zafin ƙasarmu, shi ne kuma ya fi jan hankalin ɓarawo. Mai shagon ya ba mu zaɓi tsakanin wannan da famfon da ke zama a bakin rijiya yana tsotso. Na biyun ya fi araha kuma ana iya ɗauke shi a kai gida da yamma, sai dai duk famfon da ke tsotso daga sama ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko makamancin haka, komai ƙarfinsa, domin nauyin iska ne ke tura ruwan cikin bututu, ba ƙarfin injin ba. Rijiyarmu a hunturu tana cikin wannan iyaka, amma a bazara takan kusa fita daga cikinta. Dole in yaba wa mai shagon a nan: shi da kansa ya tambaye mu zurfin ruwan a watan Mayu, ba zurfinsa a ranar da muka je ba, kuma wannan tambaya kaɗai ta hana mu sayen abin da zai tsaya daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Kafawar ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Yaran shagon sun zo da kayan aikinsu, mai walda na gari ya haɗa ƙarafan da farantan za su zauna a kai, aka karkatar da su kaɗan zuwa kudu kamar yadda aka saba. Akwai wani abu da ya dace masu lambu su sani game da wannan karkatarwa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tsaka tana ratsawa ne ta ɗan arewa da saman kai, ba ta kudu ba. Wanda ya karkatar da farantansa sosai zuwa kudu zai yi asarar haske a daidai watannin da muke magana a kansu. Karkata kaɗan, wadda za ta bar ruwan sama ya gangara ya wanke ƙura, ta wadatar.

Batun yawan ruwa shi ne inda mai saye ya kamata ya zauna da alƙalami kafin ya miƙa kuɗi. A jikin kwalin famfon an rubuta cewa yana bayar da lita 3,000 a awa ɗaya. Ba ƙarya ba ce, amma wannan adadi ne na tsakar rana, sararin sama garau, farantai a goge, ruwa kuma ba da nisa ba. Injin fetur mai inci biyu, a takarda, yana zuba wajen lita 600 a minti ɗaya, wato ya ninka solar sau goma ko fiye. Shi ya sa ranar da aka fara kunna famfon, da mutane suka ga siririn ruwan da ke fita daga tiyo, fuskoki suka canja, har wani dattijo a cikinmu ya dubi ma'ajiyarmu ya ce, “Hajiya, ashe abin da muka tara wa kuɗi ke nan?” Amma lissafin ba haka yake tafiya ba. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Kayan lambu a tsananin bazara suna shan abin da ya kai milimita 6 zuwa 8 a yini. Rubu'in hekta murabba'in mita 2,500 ne, saboda haka idan aka ɗauki milimita 7, bukatar lambun ta yini ɗaya lita 17,500 ce. Hasken da rana ke bayarwa a ƙasarmu, idan aka tattara shi, yana daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakken ƙarfi, wanda ke nufin lita 15,000 zuwa 18,000 a yini mai kyau. Famfon zai iya riƙe lambun, amma da ƙyar, kuma sai idan ba a bar ko awa ɗaya ta hasken ta tafi a banza ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa suke ɗauka ba daidai ba, cewa gwargwadon zafin rana gwargwadon ƙarfin sola. Haske faranti yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da ake rubutawa a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. A watan Mayu farantin da ke shan rana yakan haura digiri 60, har ba a iya ɗora masa tafin hannu, wanda ke nufin an rasa kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin tun kafin a yi maganar ƙura. Ƙurar ma ba ƙaramar aba ba ce. Mun lura cewa idan aka goge farantan da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, kafin su ɗauki zafi, ruwan da ke fita daga tiyo yana ƙaruwa yadda ido zai gani. Ba a watsa musu ruwan sanyi da rana tsaka, domin gilashin na iya tsagewa.

Yanayin fitar ruwan a yini shi ne ya fi komai sauya mana al'ada. Da hantsi famfon yakan fara da ɗan gurnani, ruwa na fitowa a hankali, ya yi ta ƙaruwa har ya kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe biyu, sannan ya fara sauka, bayan la'asar sakaliya kuma ya yi shiru. Mai lambu kuwa ya san cewa lokacin ban-ruwa shi ne sanyin safiya ko yamma liƙis, lokacin da ƙasa za ta shanye ruwan kafin rana ta ɗauke shi, lokacin kuma da shi kansa zai iya tsayawa a fili. Ma'ana, famfon yana bayar da ruwansa mafi yawa a daidai lokacin da ba a son zubawa, yana kuma yin shiru a lokacin da ake so. A makonnin farko, kafin mu samu tanki, mata masu girki da masu zuwa kasuwa sun rasa rabonsu gaba ɗaya, domin ba za su iya barin gida da azahar ba, yayin da samarin da ke zaune a lambun suka riƙa jan tiyo zuwa fangalinsu har ruwa ya kwanta.

Maganin wannan shi ne wurin tara ruwa, kuma ina ganin rashin adalci ne mai shago ya sayar wa ƙungiya famfon sola bai faɗa mata haka ƙarara ba. Namu ya ambata, amma a matsayin ƙarin da za a iya yi daga baya, alhali shi ne rabin tsarin. Mun fara da baƙin tankin roba mai cin lita 5,000 a kan ginin bulo. Lita 5,000 na ruwa tan biyar ne, saboda haka ginin ba wurin tsimi ba ne. Ƙarafa sirara da wani ya ba da shawara da sun lanƙwashe. Baƙin tanki ya fi fari domin haske ba ya ratsa shi, gansakuka ba ta samun damar tsirowa ta toshe bututu. Da muka ga tankin yana cika tun kafin azahar, famfo ya tsaya ko ruwa ya yi ta malala, sai muka gina kwatami na siminti a tsakiyar lambun, mai faɗi, wanda rarar tankin ke gangarawa ciki, masu ɗiba da garwa ko bokiti su ɗiba da yamma. Kwatamin yana bukatar murfi na raga ko katako, saboda yara ƙanana da kuma sauro. Da waɗannan biyun, ruwan tsakar rana ya zama ruwan yamma da na asuba, kuma a lokacin ne famfon ya fara biyan kuɗinsa.

Da hadarin farko ya taso, na ga wani ɓangare na halinsa da bazara ba ta nuna ba. Hadarin Mayu da farkon Yuni ba ya zuwa a hankali. Iska mai ƙarfi ce ke fara tasowa daga gabas ɗauke da jar ƙura, kafin ɗigon farko ya sauka. Faranti mai faɗi da ba a ɗaure shi da kyau ba, iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Namu ɗaya ya goce daga mazauninsa domin yaran shagon sun ɗaure shi da ƙananan kusoshi guda biyu kawai, sai da mai walda ya dawo ya ƙara masa maɗauri. Yayyafin da ke biyo bayan irin wannan iska ba ya wanke faranti, taɓo yake shafa masa, wanda idan ya bushe ya fi ƙura tare haske. Sannan akwai tsawa. Ba a haɗa mana wayar da ke kai wuta ƙasa ba sai da muka nema, kuma wannan abu ne da bai kamata a jira mai saye ya nema ba, tunda farantai da ƙarafansu a buɗaɗɗen fili suke.

Ranar da gari ya wayi da gajimare, ruwan famfon yakan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, wani lokaci ya riƙa tashi yana tsayawa duk sanda girgije ya gifta. Da farko hakan ya tayar wa mutane hankali, amma a aikace bai cutar da mu sosai ba, domin ranar da babu rana shuka ma ba ta shan ruwa da yawa. Inda famfon ya nuna amfaninsa na ainihi shi ne a tazarar da ke biyo bayan ruwan shuka. Kowa ya san yadda farkon damina yake yaudarar manomi: a yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙa, a zuba irin kuɓewa da yakuwa da lalo da rama, a dasa tattasai da attaruhun da aka rena, sannan sama ta ɗauke mako biyu, rana ta dawo da ƙarfinta a kan tsiron da saiwarsa ba ta kai tsawon yatsa ba. A shekarun injin fetur, a irin wannan tazara ake rasa dashe, domin mutum ya riga ya kashe kuɗinsa a iri da taki, yana kuma jinkirta sayen mai da fatan hadarin gobe zai zubar. Da sola babu wannan jinkiri. Kwanakin da sama ta ɗauke su ne kwanakin da rana ta fi haske, saboda haka su ne kwanakin da tanki ke cika da wuri. Na tsaya wata safiya a fangalin wata tsohuwa da muke kira Inna, na ga dashen tattasanta da jiya da yamma ya yi yaushi har ganyen ya kwanta a ƙasa ya miƙe tsaye, ƙasar gindinsa baƙa wuluk da danshi, ita kuwa ba ta kashe ko sisi ba. A maƙwabtan lambuna da ke jiran sama, an sake dashe.

Sai dai rashin kashe sisin nan shi ne kuma tushen rigimar da famfon ya kawo, kuma a nan ne lambun haɗin gwiwa ya bambanta da gonar mutum ɗaya. A zamanin injin fetur, kuɗin mai shi ne alƙali. Wanda ya kawo lita biyu ya sha ruwan lita biyu, wanda bai kawo ba bai da bakin magana, kuma babu mai barin ruwa ya malale tunda aljihunsa ne ke ƙonewa. Tsarin yana da tsauri ga marasa hali, amma bai bar wurin gardama ba. Da sola ta zo, ruwan ya zama na kowa kuma kamar kyauta, alhali yana da iyaka ta yini wadda ba a iya ƙara ta da kuɗi. Masu fangali kusa da tanki suka riƙa samun ruwa mai ƙarfi, na ƙarshen lambu kuwa sai abin da ya rage. Wanda ya bayar da kaso mai tsoka a karo-karon yana ganin ya fi cancanta, wadda ta bayar da kaɗan tana cewa ai asusun ƙungiya da aka taɓa na kowa ne. Wani kuma ya faɗaɗa shukarsa har jikin shinge tunda ruwa ya samu, bai lura cewa faɗin da ya ƙara daga rabon wani zai sha ba.

Mun zauna a gaban mai unguwa muka tsara abin da muke bi yanzu. An raba lambun gida biyu, ɓangaren gabas ya sha yau, na yamma ya sha gobe, sai gadon reno da sabon dashe waɗanda ake ba su kullum da garwa daga kwatami. A cikin kowane ɓangare, na nesa da tanki ne ke fara ɗiba lokacin da tankin yake cike kuma ruwan yake da ƙarfi. Awannin bayan la'asar an ware su ga mata. Makullin famfon tanki yana hannun mutum ɗaya a kowane mako, kuma wanda ke riƙe da makulli shi ne ke da alhakin goge farantai da duba rariyar bututu. Babu mai ƙara faɗin fangali sai da yardar taro. Abin da ya fi wahalar karɓuwa shi ne kuɗin wata. Mutane sun ce an sayi sola ne domin a huta da biya, me kuma za a riƙa tarawa? Amsar ita ce famfo yana da ranar lalacewa, akwatin sarrafawa ma haka, kuma ranar da hakan ta faru ba za a samu mai fitar da kuɗin gyara shi kaɗai ba. An tsayar da ɗan abin da bai kai rubu'in abin da kowa ke kashewa a mai ba, ana rubuta shi a littafi, ana karantawa a taro.

Tsaro ma kuɗi ne da ba ya cikin kwali. Injin fetur ana ɗora shi a babur a kai gida kullum, farantan sola kuwa a fili suke kwana, kuma suna da kasuwa. Mun sa an yi musu walda a jikin ƙarafansu yadda ba a kwance su da sufana, aka rubuta sunan ƙungiya da fenti a bayansu, aka gina wa bakin rijiya da akwatin sarrafawa ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, sannan wani daga cikinmu da gidansa ke kallon lambun ya karɓi gadi a madadin kuɗin wata. Awaki kuma, waɗanda a ƙarshen rani babu koren abin da suke gani sai lambu, sun tauna wayar da ta bi ta ƙasa, dole aka zura ta cikin bututu aka binne.

Akwai abubuwan da famfon bai magance ba, kuma bai yi alkawarin magancewa ba. Wadatar ruwa ta tayar da ciyawa fiye da da, musamman aya-aya da ƙiri-ƙiri a bakin magudanai da hanyoyin da ba na kowa ba, har sai da aka mayar da safiyar Asabar ranar gayyar nome su. Tumatir a wannan lokaci ba ya yin kirki ko da ruwa, domin zafi na zubar masa da fure, ga kuma tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'ya wadda ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na 2016. Waɗanda suka yi ribar ruwan su ne masu ganye da kuɓewa da zogale, domin kayansu sun isa kasuwa kafin na damina ya cika ta farashi ya faɗi.

Game da hidimar bayan ciniki, shagon ya yi rabi ya bar rabi. Lokacin da famfon ya riƙa tsayawa da rana tsaka a ƙarshen Mayu, mun kira, aka amsa, aka kuma yi mana bayani ta waya cewa rijiyar ce ba ta kawo ruwa da saurin da ake zuƙarsa, na'urar kariya ce ke kashe shi don kada ya ƙone. Gaskiya ne, kuma da aka ƙara zura shi ƙasa kaɗan, ba tare da ya kusanci yashin gindin rijiya ba, matsalar ta ragu. Yashi shi ne babban abokin gabar irin wannan famfo, yana cinye cikinsa a hankali, saboda haka wanda rijiyarsa ke kawo rairayi ya fara gyara rijiyar kafin ya sayi komai. Amma da muka nemi a turo mana mai gyara ya duba wata waya da ta yi zafi, sai aka yi ta sa mana rana ana ɗagawa, a ƙarshe wani mai gyaran sola na gari ne ya yi aikin muka biya. Garantin da aka faɗa mana da baki ya fi wanda aka rubuta a rasit tsawo, takardar bayanin na'urar kuma babu Hausa a cikinta, fitilun akwatin sarrafawa sai da muka koyi ma'anarsu ta hanyar lura. Makaniken injin fetur ana samunsa a kowane ƙauye, fulogi da kafireto suna kowace kasuwa. Kayan gyaran sumo na sola kuwa sai an shiga Kano, wani lokaci ma sai an jira a kawo.

Farashi ban ga amfanin rubuta shi ba, domin kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kuɗinsu ke bin dala yana hawa da sauka. Abin da zan ce shi ne mai saye ya ƙara kusan rabin kuɗin famfo da farantai a lissafinsa domin tanki, gini, walda, bututu da tsaro, kuma ya yi hattara da farantai masu arahar da ta wuce hankali, domin araha ba ta ado: akwai waɗanda lambar da aka liƙa a bayansu ta fi ƙarfinsu na gaskiya. A sa mai shago ya auna kowane faranti da mita a cikin rana a gaban mai saye, a rubuta lambobinsu a rasit, a kuma rubuta tsawon garanti da abin da ya ƙunsa.

Ƙungiyar da lambunta bai wuce rubu'in hekta ba, rijiyarta ba ta kawo yashi, tana noman ganye da kayan miya, kuma tana da shugabancin da ake jin maganarsa, wannan famfo zai yi mata. Masu shinkafa ko masara a fili mai faɗi, waɗanda ke bukatar a cika fangali da ruwa cikin ɗan lokaci, girman da muka saya ba zai ishe su ba, sai dai su nemi babba mai farantai da yawa, wanda kuɗinsa wani zance ne daban. Mu dai ba mu sayar da tsohon injinmu ba. An zuba masa sabon baƙin mai an ajiye shi a ɗakin rijiya, domin ranar da famfon zai tafi gyara, domin kuma watan Agusta, lokacin da ruwa kan kwanta a gangaren lambun har sai an zuƙe shi an fitar, aikin da famfon da ke can cikin rijiya ba zai iya yi ba.